Ta Leƙo Ta Koma: Shekarar da Kwamfuta ta Kasa Jefa Ƙuri'a

Ranar Lahadi 1 ga Mayun 2011 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta saki sakamakon ƙuri'ar bizar nan da ake yi duk shekara, wadda matasanmu ke kira lotiri. A wannan shekarar ce aka daina aiko wa waɗanda suka dace wasiƙa ta gidan waya daga ofishin da ke Williamsburg a jihar Kentucky. Kowa sai ya shiga intanet da kansa, ya buga lambar da aka ba shi ranar da ya cike fom, da sunan mahaifi, da shekarar haihuwa, sannan ya ga abin da Allah ya yi.

Mutum kusan miliyan 15 ne suka shiga, in kuma aka lissafa matan aure da 'ya'yan da ke bayansu, sun haura miliyan 19. Bizar da za a raba ba ta wuce 50,000 ba. Akan zaɓi mutum kimanin 100,000, don an san da yawa za su faɗi a wajen tantancewa, wasu kuma kuɗin tafiyar ne zai gagare su. 'Yan Nijeriya na cikin waɗanda suka fi kowa tururuwa. Dalilin a fili yake: a lokacin shiga kyauta ce, abin da ake nema shi ne shaidar gama sakandare ko shekara biyu a kan wata sana'a, sai hoto. Wanda ya san Shadawanka a Bauchi, inda barikin Birged ta 33 ta manyan bindigogi yake, ya san wuri ne da ya tara 'ya'yan kowace kusurwa ta ƙasar nan, ya kuma san irin yaran da nake nufi: sun gama sakandare, suna jiran jami'a ko jiran a buɗe ɗaukar aiki, takardunsu na cikin ambulan a ƙarƙashin katifa. A wancan lokaci irinsu ne ke cika shagunan intanet duk watan Oktoba. A Mayun 2011 kuwa garin bai ma gama warwarewa daga rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa ba, don haka mai neman hanyar fita yana da dalili fiye da ɗaya.

Cikin kwanakin farko mutum kimanin 22,000 a faɗin duniya suka duba suka ga an zaɓe su. Aka yi sujjadar godiya, aka kira iyaye a waya. Sai kwatsam shafin ya daina buɗewa. Ranar Juma'a 13 ga Mayu wani babban jami'in sashen biza mai suna David Donahue ya fito ya ce an soke sakamakon baki ɗaya, saboda an samu kuskure a manhajar kwamfutar da ta yi zaɓen. Ya ce babu hannun kowa, babu kutse. Wanda aka ce ya dace ya koma sahu, a sake jefawa.

Ga abin da ya fallasa lamarin. An buɗe cike fom ranar 5 ga Oktoban 2010, aka rufe ranar 3 ga Nuwamba, kwana 30 ke nan. In da an cakuɗa sunaye yadda ya kamata, da waɗanda suka dace sun warwatsu a kan dukkan kwanakin, gwargwadon yawan waɗanda suka cike a kowace rana. Amma da aka duba, sai aka ga fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka zaɓa duk mutanen ranar 5 da ranar 6 ga Oktoba ne. A wannan shekarar an sauya manhajar da ke cakuɗa sunaye da wata sabuwa, mai rubuta ta ya yi kuskure, ba ta cakuɗa komai ba. Abin da ta yi shi ne ta fara kwasa daga farkon jeri, yadda sunayen suke a ma'ajiya, har ta cika adadin da aka ce ta kawo. 'Yan ƙalilan ɗin da suka fito daga sauran kwanaki kuwa, ma'ajiyar ce ta cusa su a wasu guraben da suka buɗe a gaba lokacin da take gyara zaman bayanai. Daga baya binciken ofishin babban mai sa ido na ma'aikatar ya nuna ba a gwada manhajar yadda ya kamata ba kafin a ɗora mata rabon miliyoyin mutane.

Waɗanda murnarsu ta koma ciki ba su yi shiru ba. Suka haɗu a Facebook, suka sa wa zaurensu suna da hawayen mutum 22,000. A watan Yuni wani lauyan shige da fice mai suna Kenneth White ya shigar da ƙara a madadin wasunsu a kotun tarayya da ke Washington, yana ƙarar Sakatariyar Harkokin Waje ta lokacin, Hillary Clinton. Shari'ar ta faɗa hannun Mai Shari'a Amy Berman Jackson, wadda ba ta fi wata uku a kan kujerar ba.

Hujjar masu ƙara tana da nauyi, kada a raina ta. Suka ce: wa ya san cikewa da wuri za ta amfani mutum? Babu. Wanda ya cike ranar farko bai san yana da wata galaba ba, wanda ya jinkirta bai san ya yi asara ba, ma'aikatan da kansu ba su sani ba. Babu wanda ya nufi wani da alheri ko da sharri. To mene ne dace in ba wannan ba? Ma'aikatar kuma ta dogara da Dokar Shige da Fice ta 1990, wadda ta kafa wannan ƙuri'a, ta kuma wajabta cewa jerin da za a bi wajen ba da bizar ya zama na ƙuri'a zalla. Abin da aka ajiye a gaban alƙaliyar ke nan: shin rashin sanin mutane ya isa ya mai da zaɓe ƙuri'a, ko kuwa akwai wani abu da dole sai an yi?

Matan sojoji masu adashi sun san amsar tun kafin a kai ta kotu. Ranar da za a tsara kwasa, uwar adashi kan yayyaga takarda, ta rubuta sunan kowa, ta ƙudundune, ta zuba a kwano. Sai ta rufe da faifai ko murfin langa ta girgiza sosai a gaban kowa, har a ji takardun na karo da juna, sannan a kira ƙaramin yaron da bai iya karatu ba ya sa hannu ya zaro. A ce wata rana ta manta ba ta girgiza ba, yaron ya kwaso na sama, sai aka ga kwasa ta farko da ta biyu da ta uku duk na waɗanda aka rubuta sunayensu a jere ne. Ko ta rantse da Alƙur'ani ba ta yi da gangan ba, kuma kowa ya yarda da ita, wadda sunanta ya kwanta a ƙasan kwano za ta ce a sake. Gaskiyarta ne kuwa, domin tun kafin yaro ya miƙa hannu an riga an fitar da ita.

Sai dai kwamfuta ba ta da kwano, ba ta kuma iya girgizawa. An ƙera ta ne don ta bi umarni ɗaya bayan ɗaya, in aka ba ta abu iri ɗaya sau dubu ta dawo da amsa iri ɗaya sau dubu. Wannan ce darajarta, shi ya sa muke yarda ta lissafa albashi. Tun a shekarun 1940 masana suka yi karo da wannan matsala a Los Alamos, inda Amurka ta haɗa bam ɗin nukiliya. A 1946 Stanislaw Ulam, wani masanin lissafi ɗan asalin Poland, yana jinya yana buga karta shi kaɗai, sai ya lura cewa maimakon ya wahalar da kansa wajen lissafa sau nawa wasan kan ci, ya fi sauƙi ya buga sau ɗari ya ƙirga. Shi da John von Neumann suka ɗauki dabarar suka kai ta kan lissafin yadda ƙwayoyin nukiliya ke yawo, aka sa mata sunan Monte Carlo, garin da ya yi suna wajen caca. Amma dabarar na cin lambobin dace kamar yadda injin niƙa ke cin mai. Ina za a samo su?

Von Neumann ya kawo wata hanya da kowa zai iya gwadawa da biro. Ɗauki lamba mai gida huɗu, a ce 5735. Ninka ta da kanta, za ka samu 32890225. Ciro huɗun tsakiya: 8902. Ninka wannan da kanta, 79245604, tsakiyarta 2456. Sake yi, ka samu 0319. Wanda ka miƙa wa jerin 5735, 8902, 2456, 0319 ba zai ga wata alaƙa a tsakaninsu ba, alhali kowace ɗiyar wadda ta gabace ta ce, kuma duk wanda ya san ta farko ya san sauran har ƙarshe. Hanyar tana da rami ma: in ka faɗa kan 2500, ninkinta 06250000 ne, tsakiyarta 2500, nan za ka yi ta juyawa har abada. Von Neumann da kansa ya yi gargaɗi a 1951 cewa mai neman lambobin dace ta hanyar lissafi yana aikata abin da bai halatta ba a ilimin, ko da yake shi ma bai daina amfani da su ba. Saboda irin wannan ne cibiyar RAND ta haɗa wata na'urar lantarki ta musamman, ta kuma buga littafi guda a 1955 mai ɗauke da lambobin dace har miliyan ɗaya. Manhajojin yau sun fi na von Neumann ƙwari nesa ba kusa ba, amma asalin bai canja ba: akwai lambar farko da ake kira iri, sauran duk daga gare ta suke tsirowa.

Abin mamaki, wannan dace na aro ya yi ta aiki, har ya riƙa warware abin da lissafi kai tsaye ya kasa yi da sauri. Misalin da ya fi shafar aljihunmu shi ne na lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da 1, irin su 7 da 13 da 101. Da manya-manyansu, masu gida ɗaruruwa, ake ƙera yawancin makullan sirrin da ke tsare katin banki da saƙon da ke fita daga waya. To ta yaya za a gane lamba mai gida 300 ba ta rabuwa? In aka ce a yi ta gwada raba ta da kowace lamba, duniya za ta tashi ba a gama ba. A 1977 Robert Solovay da Volker Strassen suka wallafa hanyar gwaji ta canki-canka, a 1980 kuma Michael Rabin ya gina tasa a kan aikin Gary Miller na 1976. Yadda take shi ne, ka zaɓi wata lamba ta dace ka yi wa wadda ake tuhuma wani ɗan gwaji da ita. In mai rabuwa ce, damar ta tsallake gwajin ba ta wuce ɗaya cikin huɗu ba. Maimaita sau 40 da lambobi dabam-dabam, damar ta yaudare ka ta koma ƙasa da ɗaya cikin tiriliyan sau tiriliyan. Duk wannan cikin ƙiftawar ido.

Shekara da shekaru masana na tambayar kansu ko dacen ne ke da wani ƙarfi na musamman, ko kuwa mu ne ba mu gano hanyar kai tsaye ba. A watan Agustan 2002 amsa ta fito daga inda ba a zata ba, wato Kanpur a ƙasar Indiya. Wani malami a cibiyar fasaha ta IIT, Manindra Agrawal, da ɗalibansa biyu da suka gama digirin farko a shekarar, Neeraj Kayal da Nitin Saxena, suka nuna hanyar gane lambar da ba ta rabuwa ba tare da canki-canka ko guda ba, kuma cikin lokacin da masana ke lissafawa a matsayin mai sauri. Ina son wannan labari ƙwarai, don yara ne sa'o'in waɗanda ke zaune a azuzuwan Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Yelwa. Har yau dai a aikace hanyar Miller da Rabin ake bi, domin ta fi sauri. Amma an tabbatar cewa a nan dace gajeriyar hanya ce kawai, akwai wata hanyar ko babu ita.

Wanda ya fi kowa bin diddigin wannan tambaya shi ne Avi Wigderson na Cibiyar Nazari Mai Zurfi da ke Princeton. Shi da Noam Nisan, daga baya kuma shi da Russell Impagliazzo a 1997, suka tabbatar da wani abu mai ban sha'awa. In har akwai matsalolin lissafi masu tsananin wuya da gaske, kamar yadda kusan duk masana suka yi imani akwai, to ana iya amfani da wuyar tasu a ƙera lambobin dace na jabu waɗanda babu kwamfutar da za ta bambance su da na gaskiya cikin ɗan lokaci. Irin da ake buƙata kuma gajere ne ƙwarai, har ana iya gwada kowane iri ɗaya bayan ɗaya a ɗauki amsar da ta rinjaya. Da zarar an yi haka, dace ya fita daga lissafin baki ɗaya. Har yanzu ba a tabbatar da wancan sharaɗi na farko ba, akwai kuma matsalolin da ba a san musu hanya mai sauri ba sai ta canki-canka, amma ra'ayin da ya rinjaya shi ne, duk tambayar da kwamfuta ke amsawa da sauri ta hanyar dace, za ta iya amsa ta da sauri ko babu shi. A watan Afrilun 2024 aka sanar da ba Wigderson lambar yabo ta Turing, mai ɗauke da dala miliyan ɗaya, kuma wannan aiki na kan gaba cikin dalilan.

To in haka ne, me ya sa aka tayar da hankalin mutum 22,000 a kan abin da manyan masana ke cewa mai yiwuwa ba dole ba ne? A ganina abu biyu ne ake haɗawa. Tambayar ko wata lamba na rabuwa tana da amsa guda da ke kwance tana jira, dace abin hawa ne da zai kai ka wurinta, in ka samu wani abin hawan sai ka sauka. Tambayar wa ya cancanci biza cikin mutum miliyan 15 da duk suka cika sharaɗi kuwa ba ta da wata amsa da aka ɓoye. Dubarar Wigderson ta gwada kowane iri a ɗauki rinjaye ba ta da amfani a nan, don kowane iri mutanensa dabam zai fitar, kuma babu wanda ya fi wani zama daidai. A nan dacen shi ne hajar da aka yi alkawarin bayarwa. Malamanmu sun daɗe da sanin muhallinsa: Alƙur'ani ya ambaci ƙuri'ar da ta faɗa kan Annabi Yunusa a jirgin ruwa, da alƙaluman da aka jefa kan wanda zai riƙi Nana Maryam, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) kan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Duk wuraren iri ɗaya ne: haƙƙi ya zo daidai, abin kuma ba ya rabuwa.

Haka abin yake a wajen sirri. A 2006 wani mai gyaran manhajar Debian ya cire wasu layuka daga sashen da ke tattaro dace don ƙera makullai, da niyyar gyara. Sai a watan Mayun 2008 wani ɗan Ajantina mai suna Luciano Bello ya gano cewa tun daga lokacin, makullan da ake ƙerawa ba su wuce kala 32,767 ba a kowane nau'i, adadin da ɓarawo zai gwada duka kafin shayinsa ya huce. Babu wanda ya lura tsawon kusan shekara biyu, domin kowane makulli in ka dube shi shi kaɗai, lafiyarsa lau.

Ga sojoji kuwa, akwai labarin da ya fi wannan ɗaci, kuma babu kwamfuta a cikinsa. Ranar 1 ga Disamban 1969 Amurka ta jefa ƙuri'ar waɗanda za a fara kira aikin soja na dole lokacin yaƙin Vietnam. Aka rubuta ranakun shekara 366, aka sa kowace a ɗan ƙwanso, aka zuba su wata bayan wata, na Janairu a farko, na Disamba a ƙarshe. Cakuɗawar ba ta yi nisa ba. Ranar da aka fara zarowa ita ce 14 ga Satumba, kuma da masana ƙididdiga suka duba jerin, sai suka ga haifaffun ƙarshen shekara sun fi kowa samun lambobin farko, wato su aka fi kira. Ba a soke wannan ƙuri'a ba, aka tafi da samari a kanta. Gyaran da aka yi sai a ta shekara mai zuwa.

Ranar Alhamis 14 ga Yulin 2011 Mai Shari'a Jackson ta kori ƙarar. Ta nuna tausayinta ga masu ƙara a fili, ta yarda an jefa su cikin baƙin cikin da ba su suka jawo ba, amma ta ce zaɓen da ya kwashi mutanen kwana biyu cikin kwana 30 bai cika abin da doka ta nema ba, don bai ba kowa dama daidai ba. Ina tare da ita, duk da zafin abin. A tambayi kai su wane ne ke cike fom a ranar farko. Mai intanet a ɗakinsa ne, da dillalan da suka tara hotunan mutane tun kafin a buɗe. Yaron da sai ya jira albashin mahaifinsa ya shigo kafin ya samu kuɗin hoto da na mai shago, ya je ya tarar babu wuta, ya dawo gobe ya tarar layi ya yanke, wannan sai mako na biyu ko na uku yake samun shiga. Manhajar ba ta san shi ba, ba ta kuma ƙi shi ba, amma ta rufe masa ƙofa tun kafin ya iso. Laifin na ma'aikatar da ta saki sakamako ba tare da ta duba ba, alhali ƙirga ranakun waɗanda suka dace aikin 'yan mintoci ne, kuma da an yi shi kafin 1 ga Mayu da babu wanda ya zubar da hawaye.

Washegari, Juma'a 15 ga Yuli, aka saki sabon sakamako daga cikin dukkan fom ɗin da aka cike tun farko, har da na mutum 22,000 ɗin. Damar kowannensu ta koma irin ta kowa, ƙasa da ɗaya cikin ɗari, don haka mafi yawansu ba su sake ganin sunansu ba. A wannan zagaye Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa, da mutum kimanin 6,000, Ghana na biye da ita. Bayan ƙuri'a biyu kacal, daga ta shekarar 2015, aka cire Nijeriya daga tsarin, saboda 'yan ƙasar da suka yi ƙaura zuwa Amurka ta wasu hanyoyin cikin shekara biyar sun haura 50,000, adadin da doka ta ce duk ƙasar da ta wuce shi ba ta shiga.